Kurakuran da ke ɓata giyar pale ale a hannun sabon mai dafawa

Na gaji da jin kuka iri ɗaya daga masu fara dafa giya a gida: wai pale ale ɗinsu ta fito da wari, don haka hofs ɗin da suka saya, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, shi ne ba shi da kyau. Yawanci hofs ba shi da laifi ko kaɗan. Ita wannan giya ba ta ɓoye aibi. Baƙar giya tana rufe kuskure da ɗanɗanon gasasshen tsiro, amma pale ale tsiron sha'ir ne mai haske, da ɗaci, da ƙamshi, shi ke nan. Duk abin da ka yi mata sai ya fito a baki.

Babban abin da ya ci mini lita 20 cur shi ne zafi. Na zuba yisti, na ajiye bokitin a ɗakin da ma'auni ke nuna digiri 22, ina ganin ai ba komai. Abin da ban sani ba shi ne, yisti idan ya kama aiki yana haifar da nasa zafin, cikin bokiti ya fi ɗaki da 'yan digiri. Giyar ta fito tana warin ayaba ruɓaɓɓiya, tana ƙona maƙogwaro kamar magani. Na jira wata biyu ko za ta gyaru, daga baya na tuttular da ita a kwata. Kai da ke karanta wannan, ka daina auna iskar ɗaki! Ka manna ma'aunin a jikin bokiti, ka riƙe shi tsakanin 18 da 20, musamman kwana uku na farko. Ni dai a cikin baho na ruwa nake tsoma bokitina, ina sauya kwalaben ƙanƙara safe da yamma. Akwai masu firiji na musamman, Allah ya ba su sa'a.

Na biyu iska ce. Kafin yisti ya fara aiki yana son iska, bayan ya gama kuwa iska guba ce ga giya. Sabon shiga sai ya yi ta buɗe murfi yana leƙe, ranar ɗurawa kuma ya kwarara giyar daga sama tana kumfa. Bayan mako uku launi ya yi duhu, ƙamshi ya gudu, sai ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Me kake nema a ciki da kake buɗewa kullum? Ka sa tiyo ya kai gindin kwalba, giya ta hau a hankali.

Sai masu haɗa pale ale irin ta Ingila da ta Amurka a tukunya ɗaya ba da niyya ba. Ta Ingila, irin ta garin Burton-on-Trent mai ruwa da ke ɗauke da ma'adinin jibsam, tana tafiya da hofs kamar Fuggle da East Kent Goldings, ƙamshinsu na ƙasa da ganye ne. Ta Amurka, wadda kamfanin giya na Sierra Nevada ya fito da ita a California a 1980, ta dogara ne da hofs na Cascade mai ƙamshin lemo. Zaɓi ɗaya tukun, ka dafa ta sau uku kafin ka fara dabara.

Tsiro mai zaƙin karamel, ni ba na wuce kashi 5 cikin ɗari, don yana danne ɗaci. Hofs na ƙamshi a ƙarshen tafasa ake sa shi, wanda ya yi minti 60 a wuta ɗaci kawai zai bari. Ruwan famfo mai kulorin yana kawo warin magani, rabin ƙwayar Campden, mai cire kulorin, ya ishi lita 20 har da saura. Kwalba kuma mai launin ruwan ƙasa za ka nema, domin haske na ratsa kore da fara ya ɓata ƙamshin.

Kada ka ɗura don kumfa ta kwanta. Auna da ma'aunin sukari, in ya tsaya wuri ɗaya kwana uku a jere sannan ka ɗauko kwalabe. Na taɓa yin gaggawa, da tsakar dare kwalba biyu suka fashe a kabad, na kwana ina tsince gilashi.