Yadda Ake Amfani da Bakteriya Masu Amfani Wajen Kare Shuka Daga Cuta

Mafi yawan waɗanda ke cewa sun gwada maganin shuka da aka haɗa da bakteriya masu amfani bai yi musu aiki ba, sun ɗauke shi ne kamar sauran magungunan feshi, alhali abin da ke cikin ledar halitta ce mai rai. Aikinta shi ne ta riga cuta isa jikin saiwa ko ganye, ta mamaye wurin, ta cinye abincin da ke fita daga saiwar, ta kuma fitar da sinadaran da ke hana funfuna yaɗuwa. Saboda haka rigakafi ce. Shukar da ta riga ta yi yaushi ba za ta miƙe da ita ba.

Da farko a zaɓi bakteriyar da ta dace da cutar. Bacillus subtilis da Pseudomonas fluorescens su ne aka fi samu, ana kuma amfani da su a kan ruɓewar saiwa da faɗuwar ƙananan tsiro da ƙwayoyin cutar cikin ƙasa masu suna Pythium da Rhizoctonia ke haddasawa. Wasu kuwa cuta ɗaya tak suke yaƙa, kamar Agrobacterium K84 da masanin cututtukan shuka Allen Kerr ya gano a Ostiraliya a farkon shekarun 1970, wadda ke hana ƙari fitowa a gindin itatuwan marmari. Ga mai farawa Bacillus ce ta fi, domin tana ƙulle kanta cikin ƙwanso mai jure zafi da fari, ita kuwa Pseudomonas ba ta da wannan kariya. A duba ranar da aka haɗa maganin kafin a biya. Arahar ledar da ta daɗe a rana asarar kuɗi ce kawai.

Matakin da aka fi yin ɓarna a kai shi ne haɗawa da ruwa. Za ka ga mutum ya sayi magani mai kyau, sannan ya zuba shi cikin injin feshin da ya yi aikin maganin funfuna mai sinadarin tagulla da shi jiya, shuɗin lakar na nan kwance a ƙasan tankin, ya kuma cika da ruwan famfo mai ƙaurin kulorin. Tagulla da kulorin duka kashe bakteriya suke yi, don haka kafin ya isa kunya ta farko ruwa kawai yake fesawa. A wanke tanki da tiyo da bakin feshi sosai, a ɗauraye har ruwan ya fito garau. Idan ruwan famfo ne kaɗai ake da shi, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana. A fara dama garin a ɗan ruwa kaɗan har gudaje su watse, sannan a juye cikin tanki, kuma a yi aiki da shi a ranar, kada ya kwana a haɗe. Ba a gauraya shi da wani maganin ƙwari ko na funfuna sai idan takardar da ke jikinsa ta ambaci wannan maganin da sunansa. Wanda ke da hali ya ware injin feshi guda don wannan aiki kaɗai.

Wajen iri, abin da aka saba da garin Pseudomonas shi ne giram 10 ga kilo ɗaya: a ɗan yayyafa wa irin ruwa, a cuɗa har garin ya manne, a shanya a inuwa, a shuka nan take. Wajen dashe kuwa, a tsoma saiwoyin cikin ruwan maganin kimanin minti 30 kafin a kafa su a ƙasa mai laima.

Feshin ganye da yamma ake yinsa, domin hasken rana na kashe ƙwayoyin, a jiƙa har ƙarƙashin ganyen. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. A bar kunya biyu ko uku ba tare da magani ba domin a kwatanta, sauran garin kuma a ɗaure bakinsa a ajiye a wuri mai sanyi.