Kurakuran Auna Ƙarfin Ganuwa da Ido

Kuskuren da aka fi yi wajen tsara ganuwa shi ne a dubi kaurinta kawai a yanke hukunci cewa ta yi ƙarfi. Ganuwoyin dutse da yawa fuska biyu ake ginawa, sannan a cike tsakiyarsu da ɓaraguzai da kwaɓi, don haka katangar da ido ke gani dunƙulalliya tana iya zama siraran katangu biyu da ba su riƙe juna ba. Maganinsa shi ne a riƙa ratsa dogayen duwatsu daga wannan fuska zuwa waccan.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ƙara tsayi bisa ƙiyasi, musamman idan akwai cikon ƙasa a bayan ganuwar. Idan aka ninka tsayin sau biyu aka bar kaurin yadda yake, nauyin da ke riƙe katangar sau biyu kawai yake ninkawa, alhali turin ƙasa yana ninkawa sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da ita daga gindi kuma sau takwas. Ido ba ya iya ganin wannan, komai ƙwarewar magini. Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya gabatar da lissafin turin ƙasa tun 1773, kuma har yau ana aiki da shi. Abin da ake nema shi ne, idan aka haɗa nauyin katanga da turin ƙasa, su sauka a kason tsakiya cikin kashi uku na faɗin harsashin, domin idan suka sauka a wajen wannan kason, gefe guda na ginin zai fuskanci ja, ginin dutse kuwa yana jure dannawa amma ba ya jure ja.

Masu lissafi ma suna kuskure, kuma nasu ya fi ba ni takaici saboda lambobi na sa mutum ya saki jiki. Sukan lissafa da busasshiyar ƙasa su manta cewa ruwan da ya taru a bayan katanga yana da nasa turin, shi ya sa dole a bar ƙananan kafofin fitar ruwa a gindinta.

A nan ido ke da aiki. Tsagar da ta tashi a karkace galibi alama ce ta harsashi yana nitsewa a gefe guda, kumburin tsakiya kuwa yana nuna ciko na turo fuskar waje. A auna faɗin tsagar, a rubuta kwanan wata a gefenta, a sake aunawa bayan ruwan sama mai yawa. Idan ta ƙaru, a sake lissafin kafin a ɗora ko da dutse ɗaya.