Yadda ake ceto salular da ta cika ta fara nauyi kafin a kai ta wurin mai gyara

Satin da ya wuce Innata ta zo daga Tawa, ko ruwa ba ta gama sha ba ta kwance bakin zane ta zaro salula ta miƙo mini, wai "ɗana, abin nan ta mutu, gobe ka raka ni Babbar Kasuwa in sayi wata." Na karɓa na duba. Wayar ko shekara biyu ba ta yi ba, ekaran lafiya lau babu ko tsaga, amma in ka taɓa WhatsApp sai ka dafa shayin farko ka zuba kafin ta buɗe, kuma kullum ga wannan saƙon a sama cewa wuri ya ƙare. Na ce Inna ki ajiye kuɗinki tukuna ki ba ni awa guda. Abin da na yi mata shi ne zan rubuta nan, don a fadarmu ta Bukoki kusan kowane dare sai wani ya kawo wannan kukan, kuma yawanci wayar ba ta mutu ba, ƙoshi ne ya yi mata yawa.

Abu na farko, kada ka goge komi sai ka ga mi ya cinye wurin. Ka shiga parametir, ka nemi inda anka rubuta stokaj. Can za ka ga an rarraba: hotuna kaza, bideyo kaza, aplikasiyo kaza, sistem kaza. Nan ne mutane ke fara jin haushi, don a jikin kwali an rubuta jiga 32, amma sistem ɗin Android shi kaɗai da tarkacen da kamfani ya zuba ciki tun daga masana'anta sun riga sun cinye wani babban kaso kafin ka ɗauki hoto ko guda, kuma wannan kason ba naka ba ne, yawancinsa ba ka iya taɓa shi. To ka haƙura da shi, ka dubi sauran. A wayar Inna WhatsApp kaɗai ta riƙe jiga 11.

Saboda haka mataki na biyu shi ne babba, kuma nan za ka daɗe. Buɗe WhatsApp, danna ɗigo ukun nan na sama ta dama, shiga parametir, sai wurin stokaj da done, sai layin farko da ke cewa "Gérer le stockage". Za ta nuna maka kashi biyu: abubuwan da sunka wuce mega 5, da waɗanda anka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Ƙasa kuma ga jerin gurup-gurup da mutane, wanda ya fi nauyi shina sama. Na Inna gurup ɗin dangi ne a sama, sai na matan anguwa, sai wani na wa'azi da ita kanta ba ta san wa ya sa ta ciki ba. Hoton barka da Juma'a mai fure da masallaci na ƙirga har na gaji, bideyo guda na wani mai maganin basir ya shigo sau bakwai daga mutum bakwai, ga bokal na minti goma-goma da ba wanda zai sake saurare har abada.

Amma fa in wayar ba taka ba ce, ka zaunar da mai ita kusa da kai. Ni na kusa yin ɓarna, na zaɓi duka zan share sai ta riƙe mini hannu ta ce tsaya, wannan muryar Malam ce. Bokal ne na mijinta marigayi da ya aiko mata daga asibiti, daƙiƙa arba'in, shina cikin tarkacen nan kamar kowane. Jikina ya yi sanyi wallahi. Na sa mashi tauraro, na tura kwafi cikin wayata, sannan munka ci gaba ɗaya bayan ɗaya, tana cewa share, share, bar wannan na sunan jikata ne. Ya fi cin lokaci amma haka ake yi.

In ka gama shara sai ka toshe ƙofar da ƙurar ke shigowa, in ba haka ba wata guda ka dawo gidan jiya. A wannan shafin dai na stokaj da done, ka gangara wurin saukar da abubuwa kai tsaye, akwai layi uku: lokacin da kake kan mega, lokacin wifi, da lokacin da kake wata ƙasa. Ka cire alamar daga hoto, bideyo, odiyo da takardu, aƙalla a layin mega. Daga nan, in ban da bokal, ba abin da zai sauka a wannan layin sai wanda ka danna da hannunka, kuma za ka ga furfe ɗin da ke ƙarewa kafin la'asar ya fara kai ka dare. Gurup masu surutu kuma, in admin ya yarda, a kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu, akwai awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Na dangi kwana 90 ya isa.

Na uku, kash. Kowace aplikasiyo tana tara wasu ƴan tarkace don ta riƙa buɗewa da sauri, Facebook da TikTok da Chrome su ne gwanaye. Parametir, aplikasiyo, zaɓi guda, stokaj. Za ka ga maɓalli biyu gefe da gefe, kuma nan nike roƙonka ka buɗe ido: "Vider le cache" shi ne naka, ba ya ɓata komi. Ɗayan mai maganar share done, in ka danna shi a kan Facebook zai fitar da kai sai ka sake sa modpas, in kuwa a kan WhatsApp ne to hirarrakinka ne ka yi wasa da su. Ban san wane mai hankali ne ya ga ya dace a jera su kusa da juna haka ba, kamar a ajiye gishiri da maganin ɓera cikin kwano iri ɗaya.

Sai tarkacen kamfani. Waɗannan wayoyin masu sauƙin kuɗi da sunka cika kasuwanninmu suna zuwa da wasanni da kasuwar aplikasiyo ta biyu da burawza ta biyu da mai kawo labaran da ba ka tambaya ba, wasu ma talla suke watso maka kana tsakiyar neman lamba. Ka danna ka riƙe alamar kowace, in ta yarda a cire ta ka cire, in ta ƙi ka shiga bayaninta ka nemi kashe ta, in wannan ma ya ƙi to ka hana ta aiko sanarwa ka kuma hana ta cin mega a ɓoye. Kada dai ka taɓa abin da ba ka gane ba mai sunan sistem ko Google Play. Su kuma aplikasiyon nan masu hoton tsintsiya ko roka da ke alkawarin wanke waya da ƙara mata gudu da sanyaya batiri, ni a ganina su ne ɓarayin da ke sanye da rigar gadi, talla kawai suke kawowa. Inna tana da uku, wani yaro a tasha ya sa mata. In kana son mai shara na gaskiya akwai Files na Google, kyauta ne. Wanda wayarsa ke da ram jiga 2, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita kaɗan ce, kuma ya haƙura da babban Facebook ya sa Facebook Lite, tun 2015 anka yi shi don irin rezonmu.

Maganar mizajur, wato sabunta aplikasiyo, gajera ce. Shiga Play Store, danna hotonka na sama, parametir, wurin zaɓin rezo, ka mayar da sabuntawa ta kai tsaye zuwa wifi kaɗai. Ka sayi mega na jikka guda da safe ka wayi gari babu, sau da yawa nan sunka tafi. Amma kada ka ce ba ka sabuntawa sam, WhatsApp in ta tsufa da yawa da kanta take rufewa ta ce sai ka sabunta, kuma tun Oktoban 2023 ba ta aiki kan Android ɗin da ke ƙasa da 5. Ka ware rana guda a wata, inda ka samu wifi, ka yi su duka.

Karti memwar tana taimako in wayar na da gurbinta, ka kwashe hotunan biki da bideyo ka mayar can. Matsalar jabu ce. Akwai waɗanda anka rubuta musu 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, wayar ma za ta nuna maka 64 ɗin don an yi mata ƙarya, sai ka yi ta zubawa, ranar da ka je buɗe hotunan ka tarar da baƙin allo. In ka saya, ka cika ta da manyan bideyo a ranar, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani suna tafiya, kafin ka goge na cikin waya. In farashin ya yi daɗi da yawa ka bar musu kayansu.

Akwai kuma nauyin da ba na cikar wuri ba ne, na zafi ne. Masu ƙera wayoyi da kansu suna cewa wajen digiri 35 ne iyakar inda waya ke aiki lafiya, mu kuwa Afrilu da Mayu a Yamai ko Tawa 40 muke wucewa a inuwa. Waya in ta ji zafi da gangan take rage gudu don ta kare kanta. To cire mata rigar roba in tana sharji, kada ka ɗora ta kan katifa ko ka bar ta gaban mota ko aljihun babur cikin rana, kada ka riƙa kallon bideyo tana jone. Kuma kada ka sa ta firijida, na ga mai yi, raɓa ce za ta taru a ciki. In ka ga bayan wayar ya kumbura ko ekaran ya fara ɗagowa daga gefe, wannan ya wuce ni da kai, batiri ne, ka daina sharji ka kai a canza.

Formate, wato goge komi na cikin wayar ta koma kamar sabuwa, shi ne na ƙarshe, kuma masu gyara da yawa da shi suke farawa don ya fi sauri. Kafin ka yarda ka tabbata ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da modpas ɗinsa, ka gwada shiga da shi a wata waya ka gani, don tun Android 5.1 in anka goge waya ta hanyar maɓallan gefe tana tashi ne ta nemi wannan kont ɗin, in babu ta kulle, ka koma biyan kuɗin buɗewa. Yawancin iyayenmu mai shagon da ya sayar musu ne ya buɗe kont ɗin, shi ma ya manta. Sannan ka yi sobgad na WhatsApp, wato ajiyar kwafin hirarrakinka a kan kont ɗin, ka tuna jiga 15 Google ke bayarwa kyauta kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp cikinsu ake lissafa ta, don haka ka cire bideyo daga ajiyar. Lambobin mutane ma ka duba suna kan kont ɗin, ba kan wayar ba. Ta Inna ba mu kai ga nan ba, jiga 9 munka samu, ta koma buɗewa kamar da.

Tunda muna kan maganar, bari in taɓo kayan gidan nan masu wayo, don wana da ke waje ya aiko mana kamara da ƙwan fitila da ake kunnawa da waya, kuma sun ci mini rai fiye da salular. Kwana biyu ina fama kamarar ta ƙi haɗuwa, ashe wifi iri biyu ne, mai 2.4 da mai 5, kuma yawancin irinsu mai 2.4 kaɗai suke ji, ba sa ganin mai 5. Ka shiga saitin akwatin wifi ɗin ka raba su suna biyu, ka jona wayarka kan na 2.4, ka kunna bulutut da lokalizasiyo lokacin haɗawar, ka tsaya kusa da akwatin. Da ta haɗu ka canza modpas ɗin da ta zo da shi, kamara ce cikin tsakar gidanka inda mata ke zama. Ka sa mata karti memwar don ta riƙa ɗauka ko intanet ya yanke, kuma ka nemi ƙaramin ondilar, wato batirin nan da ke riƙe wuta in kuran ya tafi, ka haɗa ta da akwatin wifi a kai, in ba haka ba da an ɗauke kuran ta makance, daidai lokacin da ɓarawo ya fi son aiki.

Ƙwan fitilar kuwa, da yawansu ana mayar da su sabbi ne ta hanyar kashewa da kunnawa sau uku ko biyar a jere. Ka ga ke nan daren da kuran ya yi ta ƙyaftawa, ya tafi ya dawo ya tafi ya dawo, sai ƙwan ya ɗauka umarni ne anka ba shi, ya manta wifi, ya kama walƙiya ƙarfe biyun dare a ɗakin da Inna ke kwana. Ta fito tana salati. In naka ya yi haka ka buɗe aplikasiyonsa ka sake ƙara shi tun shina walƙiyar, minti biyu ne. Ni dai na sake haɗa shi sau uku cikin wata guda, a na huɗu na kwance shi na mayar da tsohon ƙwanmu na jikka guda, shi kuma na sa shi cikin kwalinsa na ɗora kan kabad.