Babi na 6: Kallon Halittun Unguwa, da Kogin Ƙanƙara

Darasi na 1: Layi uku na farko

Kayan aikin wannan babi ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihu, da fensir, da leda. Na ce fensir domin rubutun biro yana dagulewa idan takarda ta jiƙe, ruwan Legas kuwa ba ya sallama kafin ya sauko. Ledar ta littafin ce. Kada kowa ya ce sai ya sayi madubin hangen nesa, idonku ya isa.

Buɗe sabon shafi. Sabon shafi shi ne wanda babu rubutu a kansa ko ɗigo. Kafin ka ɗaga kai ka kalli kowane tsuntsu, rubuta abu uku a saman shafin, kowanne a layinsa. Layi na farko kwanan wata. Layi na biyu lokaci. Layi na uku wurin da kake tsaye. Ga misali:

Talata, 14 ga Janairu, 2025
Ƙarfe 7 na safe
Bayan mayankar Oko-Oba, Agege

Duba misalin da kyau. Sunan rana ya fara zuwa, sai lamba, sai kalmar "ga", sai wata, sai shekara. Wanda bai san kwanan wata ba ya duba fuskar wayarsa, yana nan a rubuce. Wanda ba shi da agogo ya rubuta "bayan asuba" ko "bayan la'asar", ya wadatar. A layi na uku kada a rubuta "Legas" kawai. Mai tsaye a Idi-Araba da mai tsaye a bakin ruwa a Obalende duk a Legas suke, amma abin da za su gani daban ne.

Yanzu rufe littafin. Sake buɗewa, ka nemi wani sabon shafin, ka rubuta layi ukun nan na yau, naka na kanka. Kwanan wata, lokaci, wuri. Idan hannu ya yi rawa ba komai, kowa da haka ya fara. Sake yi a karo na uku. Na san wani zai ce, "Malam, ai mun gane." Na ji, amma a yi na ukun.

Darasi na 2: Rubuta abin da ido ya gani

Nemi wurin zama inda ba za a ture ka ba, ka zauna minti 10. Kafin ka zauna, ka rubuta layi ukun? Idan ba ka rubuta ba, rubuta yanzu.

Idan tsuntsu ya sauka, kada ka yi gaggawar sa masa suna. Fara da girmansa, ka gwada shi da abin da ka sani: ya kai ɗan tsako, ya kai tattabara, ko ya kai kaza? Sai launin jikinsa. Sai launin baki. Sai launin ƙafa. Sai abin da yake yi. Kalma biyu ko uku a kowane layi sun isa.

Ga dalilin da ya sa na nace. Wani dattijo a ajinmu, mai gadi ne a wajen Ikoyi, ya kawo mini shafi da kalma ɗaya tak a kai: balbela. Na ce, "Baba, wane launi ne bakinta?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ni da na yi kiwo tun ina yaro za a tambaye ni balbela?" Na roƙe shi ya koma bakin ruwan ya sake dubawa. Da ya dawo sai ya ce bakin baƙi ne siriri, ƙafafun ma baƙaƙe, amma yatsun rawaya kamar an tsoma su a kwaɓin gari. To, wannan ba balbelar da ke bin shanu ba ce. 'Yar uwarta ce mai kamun ƙananan kifi a ruwa marar zurfi. Balbelar shanu bakinta rawaya ne, gajere, wuyanta kuma ya fi kauri, tana bin garke tana cafke fara da ƙwarin da kofato ya tayar. Ita ce za ku gani a Oko-Oba da kan bola. Lokacin da take shirin yin ƙwai, gashin kanta da na ƙirjinta kan yi ja-ja kamar an shafa mata ƙasa. Da Baba ya tsaya a kan sunan da ya sani, da ya yi shekara yana wuce tsuntsu biyu yana ƙirga ɗaya.

Ga yadda shafinsa na biyu ya kasance, bayan layi ukun sama:

Girma: bai kai kaza ba
Jiki: fari fat
Baki: baƙi, siriri
Ƙafa: baƙa, yatsu rawaya
Aiki: yana taku a ruwa, yana sara

Suna shi ne na ƙarshe, a ƙasan shafi. Idan ba ka san sunan ba, bar wurin fili. Shafin da babu suna a kansa yana da amfani. Shafin da babu kwanan wata kuwa, ko ni ban san abin da zan yi da shi ba.

Wajen ƙirge, ja ɗan layi a tsaye ga kowane tsuntsu ɗaya. Idan sun kai huɗu, na biyar ka ja shi a kwance ya ratsa su. Daga baya ka ƙirga biyar-biyar.

Gwada da hankaka, don shi ba ya wuyar gani: baƙi, da fari a ƙirji da ya zagayo wuya kamar ya sa 'yar shara. Gwada da kurciya a kan wayar lantarki. Gwada da ƙadangare a jikin katanga, ka lura cewa mai jan kai, wato jan gwada, shi ne namiji, macen kuwa launin ƙasa ce. Ƙirga sau nawa ya gyaɗa kai kafin ya gudu. Kowannensu da sabon shafinsa, kowane shafi da layi ukunsa.

Darasi na 3: Me ya sa ake rubuta kwanan wata

Na karɓi littattafai bayan darasin da ya wuce, kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba. Fiye da rabin aji sun zana tsuntsu, sun rubuta launi, wasu har da ado, amma saman shafi wayam. Wata hajiya ta ce za ta cike a gida. Na ce, "Hajiya, ranar Laraba kika gan shi ko Alhamis?" Ta yi shiru. Mutanen da ke riƙe lissafin buhun albasa hamsin a ka a kasuwar Mile 12, a ce layi uku ya gagare su? Ba gagara ba ce, raini ne. Ku daina. A wurin ake rubutawa, a tsaye, kafin kallo.

Ku ɗauki shirwa misali. A nan Kudu tana yawaita da rani, kuna ganinta tana shawagi a kan kasuwa da mayanka, jelarta mai baki biyu. Idan damina ta kankama sai yawancinsu su yi Arewa. Wanda ya rubuta "shirwa 6" a Janairu, ya koma wuri ɗaya a Yuli ya rubuta "shirwa babu", ya gano tafiyar tsuntsu da fensirinsa. Wanda bai sa kwanan wata ba yana da shafi biyu da ba sa gaya masa komai.

Haka ungulu. Manyanmu sun san lokacin da ba a raba mayanka da ungulu. Yau sai mutum ya daɗe bai ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Guba da farautar ta don haɗa magani suna cikin abin da ya jawo haka. Wanda ya ga ungulu a Legas ya rubuta nan take. Me zai fara rubutawa? Kwanan wata, lokaci, wuri.

Darasi na 4: Kogin ƙanƙara

Wannan ba za ku gan shi a Najeriya ba, don haka za mu kawo shi cikin faranti.

Kalmar ƙanƙara tana ɗaukar abu uku a bakinmu. Akwai ta firji da ake sa wa zoɓo. Akwai wadda ke faɗowa da ruwan sama kamar tsakuwa, irin ta Jos. Akwai kuma dusar ƙanƙara, mai laushi kamar gari, wadda ke zuba a ƙasashen sanyi da kan dogayen duwatsu. Inda sanyi ya hana dusar narkewa, ta bana tana hawa kan ta bara, nauyi yana danne ta ƙasa har ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai kauri. Idan kaurin ya yi yawa sai ta fara gangarowa da nauyinta, a hankali ƙwarai, yadda ido ba ya ganin motsin. Shi ake kira kogin ƙanƙara.

Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Shi ya sa ake samun wannan ƙanƙara har a Afirka, a wuri uku: dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya mai tsawon mita 5,895, da dutsen Kenya mai mita 5,199, da duwatsun Ruwenzori a iyakar Yuganda da Kwango. Dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne, bai kai ba. Ƙanƙarar Kilimanjaro kuma tana ƙarewa: tsakanin 1912 da 2007 wajen kashi 85 cikin 100 nata ya tafi.

Sayi ƙanƙara dunƙule ɗaya wajen masu sayar da ruwan sanyi. Samo yashi mai tsakuwa, da sabulun wanki na sanda, da faranti. Rubuta layi ukunka tukuna. Danna gindin ƙanƙarar cikin yashin har ya manne. Ɗora ta a kan sabulun, ka danna, ka ja ta gefe ɗaya sau ɗaya. Ɗaga ka duba. Za ka ga zane-zane a jere, duk sun fuskanci hanya ɗaya. Haka kogin ƙanƙara yake kankare dutse da tsakuwar da ya ɗauko a cikinsa. Kwarin da ruwa ya haƙa yakan tsuke a ƙasa kamar harafin V. Wanda ƙanƙara ta haƙa yana da faɗin gindi kamar harafin U. Rubuta haruffan biyu manya, ka dube su.

Yanzu bar ƙanƙarar a faranti ta narke. Yashin zai zauna a tsibe inda ta tsaya. A ƙasashen da ƙanƙara ta taɓa rufewa, irin su arewacin Ingila da Kanada, ana ganin irin wannan tsibi ya zama tudu, ana kuma ganin ƙaton dutse zaune shi kaɗai a fili, wanda ƙanƙara ta ɗauko daga nesa ta yar. Amma kada wani ya je Abekuta ya ga dutsen Olumo ya ce aikin ƙanƙara ne, ba shi ba ne.

Ruwan da ya taru a farantin shi ne abin da ya shafe mu. Ƙanƙarar da ke kan tudu idan ta narke, teku take nufa. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da wajen santimita 20, kusan tsawon taƙi ɗaya, Legas kuwa a bakin ruwa take kwance. Sai dai kada a ɗora wa ƙanƙara laifin kowace ambaliya. Ruwan da ke shiga ɗakunanmu da damina, yawancinsa daga kwatar da muka toshe da leda yake.

Darasi na 5: Fita waje

Wanda ya samu hali ya je gandun Lekki, wanda aka kafa a 1990. Ana biyan kuɗin shiga. Akwai birai da kada da kunkuru, da gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. Kada a riƙe abinci a hannu, birai suna fizgewa. A cika shafi biyu. An san abin da za a fara rubutawa.

Darasi na 6: Jemage

A fita da magariba bayan salla, a dubi sama. A rubuta ta ina jemagu suka fito, ina suka nufa. A kawo littafi ranar Asabar.