Darasi na 9: Yadda ake maida tsoffin hotuna da nagatif cikin waya ko kwamfuta

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na hannu ne, don haka kafin ka ci gaba da karatu tashi ka ɗauko hotunan dauri da ke gidanku, ko suna cikin albam ko cikin akwatin ƙarfen inna ko ƙasan kwalla. Kusan kowane gida a Sakkwato yana da irinsu, hoton biki, hoton suna, hoton baba ranar da ya dawo Makka, wasu ma har da hoton hawan sallah na zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. To waɗannan hotunan ba sa jira fa. Zafin garin nan na watan Afrilu yana kashe kalarsu su koma ja-ja, damshin damina yana manna su da juna, ga gara, ga ƙurar hunturu, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da ruwa ke yi wa takarda.

Abu uku za ka iya tararwa. Akwai katin hoton kansa wanda kowa ya sani. Akwai nagatif, wato wannan siririyar ledar mai ruwan ƙasa da ƙananan huji gefe da gefe wadda mai situdiyo ke haɗo maka cikin ambulan in ya wanke hoto, in ka ɗaga ta ga haske za ka ga komai a juye, farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta yi fari. Sai silaid, shi kalarsa daidai take, yana cikin ɗan firam na kwali ko roba, da shi ake haskawa a bango, an fi samunsa wajen tsoffin malaman makaranta da ma'aikatan gona da na lafiya.

Don Allah kar ka zubar da nagatif. Mutane da yawa suna ɗauka shara ce, yara su yi ta wasa da ita, alhali ita ce uwar hoton, daga jikinta aka fitar da katin. Fim ɗin da aka fi amfani da shi shi ne mai faɗin milimita 35, yana cin hoto 24 ko 36, kuma sau da yawa ba duka aka wanke ba saboda kuɗi, ka ga kenan akwai fuskokin da ke cikin ledar nan da ba a taɓa gani a kati ba. In za ka riƙe ta riƙe ta gefe, kar yatsa ya hau tsakiya. Gefe ɗaya yana ƙyalli ɗayan kuma dishi-dishi, mai dishin nan ne hoton yake kwance, shi ke saurin karcewa. Hura ƙurar da ɗan famfon iska ko ka share da buroshi mai laushi, ban da ruwa, ban da bakin riga. Wadda kuma ka ji tana tsamin wari kamar binega ta fara lalacewa, ware ta daban ka fara da ita.

Yanzu ɗaukar kati da waya. Goge gilashin kamarar wayarka tukuna, yawancin hotunan da ke fitowa da hazo daga nan matsalar take. Shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa inda haske yake sosai, bakin ƙofar ɗaki ko zaure da safe, ba cikin rana tsaka ba. Kashe filasha. Ɗora hoton, ka riƙe wayar a samansa sak, kar ta karkace, in ta karkace kan mutum zai yi girma ƙafafu su ƙanƙance. Kar ka ja hoton da yatsu a fuskar wayar don ya matso, kai ne za ka matso da wayar. In hannunka na rawa tara littattafai ka ɗora wayar a kai bakin kamarar ya leƙo, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku ta ɗauka da kanta. Akwai manhajar PhotoScan ta Google, kyauta ce, tana ɗaukar hoton ta kusurwa huɗu ta haɗe ta cire ƙyallin nan da ke ɓata fuska.

Hoton da ya manne da gilashin firam kar ka ɓamɓare shi. Ni na yi wanga kuskure da hoton kakata, guda ɗaya tal da muke da shi, na ja a hankali ina ganin zai fita sai rabin fuskarta ya tafi jikin gilashi, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ɗauke shi haka nan da gilashinsa.

Nagatif da silaid su sai an haska ta baya. Ari wayar wani ka buɗe farin shafi ka ƙure haskenta, ka riƙe nagatif ɗin sama da ita da kamar faɗin yatsu biyu, don in ka manna ta da fuskar wayar ƙananan ɗigo-ɗigo za su fito cikin hoton. Rubutun da ke gefen fim ɗin ya zama yana karantuwa daidai ta wajenka. Ka ɗauka da taka wayar, sannan in nagatif ce ka sa manhajar da ke juya kala ta maido shi. Gaskiya wannan hanyar ta gani ce kawai, a gane waye da waye. In kana son mai kyau da za a iya bugawa babba sai an kai wajen mai sikana ta fim, wato na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, kuma ba kowace biznes senta ke da ita ba, ka tambaya kafin ka ba da kayanka.

A shagon ga abin da za ka ce. Katin hoto a yi shi a dpi 300, in ƙarami ne kamar fasfo 600, nagatif da silaid kuwa 2400 ko sama tunda hoton cikinsu milimita 24 ne da 36 kacal. Dpi yawan ɗigon da na'ura ke ɗauka ne a kowane inci. A ajiye maka a JPEG, wato irin fayil ɗin hoto da waya da kwamfuta ke buɗewa. Ƙirga hotunanka gaban mai shago kafin ka miƙa, ka sake ƙirgawa in za ka karɓa.

Wajen turawa ne ake asara ba a sani ba. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka a tura maka shi a matsayin dokumen ko a zuba a filash, ɗan abin ajiyan nan da ake soka wa kwamfuta. Kuma kar ka bar su wuri ɗaya, waya tana ɓata, memori yana mutuwa. Ajiye a filash ko kwamfuta, ka kuma ɗora a intanet, mai adireshin Gmail yana da GB 15 kyauta. Na asalin kuma a maida su ambulan ɗin takarda a sa inda ba zafi ba laima.

Sauran aikin rubutu, wanda shi ne ya kawo mu aji. Wayar za ta sa wa hoton lamba mai tsawo, canza ta ka rubuta suna da wuri da shekara, misali: Baba da Kawu, Wurno, 1984. In ba ka sani ba je wajen tsohuwar gidan ka zauna kusa da ita ka ce, Inna wa ke nan gefen baba? Za ta faɗa maka har da wanda ya ɗinka rigar. Hoton da ya shafi sarauta ko tarihin gari kuma kana iya kai kwafinsa gidan tarihi na Waziri Junaidu su gani.

Aikin gida: zaɓi hoto uku, ka ɗauke su da waya yadda aka nuna, ka rubuta sunayen mutanen ciki da wurin da shekarar a littafinka. Wanda ke da nagatif ya zo da ita aji cikin ambulan sati mai zuwa mu haska tare.