Kafin ka karɓi makullin sabuwar motar lantarki

Da farko kar ka yarda a miƙa maka ita da magariba ko cikin rumfa, a fito da ita fili da rana, a goge ƙurar hanyar Legas tukuna.

Sai ka zagaya ta, ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi da yatsa, haka bonet da but, in gefen dama ya fi na hagu faɗi to ko aikin kamfani ne bai yi ba ko an taɓa buga ta an gyara.

Na uku shi mutane ke tsallakewa, durƙusa ka haska ƙasanta da tocila. Batirin a nan yake shimfiɗe, in ka ga lotsawa ko inda ya gogu wajen sauke ta daga tirela malam kar ka karɓa, shi ne mafi tsada a jikinta.

Lambar chasis, haruffa da lambobi 17, ka tabbata ta dace da ta takardun kwastam.

Caja kuma, motocin Chana yawanci bakin cajarsu irin da ake kira GB/T ne, na Turai kuma Type 2, ba sa shiga juna sai da adafta. A jona a gabanka ka ga tana ɗauka.

Sannan a watsa mata ruwa ka duba robar ƙofofi, ka taka ta a kan titi rediyo a kashe, tunda ba ƙarar inji duk wani kwaramniya za ka ji. Abin da ka gani a rubuta dila ya sa hannu kafin ka cika kuɗi.