Yadda Ake Bibiyar Shari'ar da Ke Cikin Labarai

Duk wanda ya saba zama majalisar bayan la'asar a Ƙofar Soro, ko teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, ya san yadda labarin kotu ke iso mana. Wani zai ɗaga waya ya ce kotu ta tsige wane, ko ta wanke wane, kuma kafin a kira magariba masu murna sun yi murna, masu zagin alƙali sun zaga. Bayan wata biyu sai a ji labari ya juya, a ce an sayi shari'a, alhali sau da yawa tun farko ba a fahimci abin da kotun ta faɗa ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutumin da ya ɗebe tsammani daga kotu bisa kuskuren fahimta, shi ne gobe zai ɗauki doka a hannunsa.

Abu na farko da ya kamata ka tambaya shi ne wace kotu ce ta yi magana. A ƙasa akwai kotun majistare da kotunan shari'ar Musulunci, sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, da Babbar Kotun Tarayya, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda ke duba batutuwa irin su aure, gado, wasiyya da waƙafi. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli da ke Abuja, wadda daga kanta babu sauran inda za a je. Muddin ba a kai ƙarshen wannan tsani ba, ko wa'adin ɗaukaka ƙara bai wuce ba, to magana ba ta ƙare ba. Mu a Katsina mun ga haka da idonmu. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa wata mata hukuncin jifa, a watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi, duniya ta ɗauka an gama, amma ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke nan Katsina ta soke hukuncin, matar ta koma gida.

Shari'ar zaɓe tana da nata agogon, kuma sanin sa yana rage zullumi. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba mai ƙorafi kwana 21 daga ranar sanar da sakamako ya shigar da ƙara, ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ya kuma ba kotun sama kwana 60. Rigimar kujerar ɗan majalisa tana tsayawa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta gwamna kuwa sai Kotun Ƙoli. Shi ya sa lokacin da kotun zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ranar 20 ga Satumba 2023, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta a watan Nuwamba, bai sauka daga kujera ba, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da ita ranar 12 ga Janairu 2024.

Bayan ka san kotun, sai ka nemi sanin matakin da shari'ar take. Gurfanar da mutum karanta masa tuhuma ne kawai, a tambaye shi ko ya amsa ko ya musanta, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce shi marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kansa. Idan ka ji an aika wanda ake zargi da kisa ko fashi gidan gyaran hali daga kotun majistare, wannan ajiya ce, domin majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne. Ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a ne a kai shi Babbar Kotu. Beli ma ba wankewa ba ne, alkawari ne cewa mutum zai riƙa bayyana duk ranar zama, tare da wanda ya tsaya masa. Haka kuma akwai umarnin wucin gadi, wanda kotu kan bayar don a dakata kafin ta saurari kowa. Ka tuna lokacin canjin kuɗi, sa'ad da 'yan kasuwa suka riƙa ƙin karɓar tsofaffin takardu: abin da Kotun Ƙoli ta bayar ranar 8 ga Fabrairu 2023, a ƙarar da Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar, umarnin wucin gadi ne, hukuncin kansa bai zo ba sai 3 ga Maris, lokacin da ta ce tsofaffin ₦200, ₦500 da ₦1,000 su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba na shekarar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kalmomi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Kafofin labaranmu sukan ce kotu ta kori ƙara, ko ta yi watsi da ita, ko ta yi fatali da ita, kamar duk abu ɗaya ne, alhali a wajen lauyoyi abu biyu ne mabambanta. Akwai ƙarar da ake cirewa daga jadawali saboda kotun ba ta da hurumi, ko takardu ba su cika ba, ko mai ƙara bai zo ba. Irin wannan ana iya gyarawa a sake shigar da ita. Akwai kuma wadda aka saurara har ƙarshe aka ga ba ta da tushe, wadda ba ta da magani sai ɗaukaka ƙara. Wani kawuna ya taɓa faɗawa wannan rami a rigimar gona. Ya dawo daga kotu yana raba goro, yana cewa an kori ƙarar abokin shari'arsa, har ya sa aka kai taki gonar. Ba a yi wata ɗaya ba masinja ya yi sallama da sabon sammaci daga wata kotun, domin ta farkon cewa kawai ta yi ba ta da hurumi. A shari'ar laifi ma haka ne: wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka sallama aka kuma wanke ba a sake tuhumarsa a kan wannan laifin. Saboda haka duk lokacin da ka ji an kori ƙara, ka nemi dalilin da alƙali ya bayar.

Amsar tana cikin takarda. Ka rubuta lambar ƙarar da sunayen ɓangarorin, domin mutum ɗaya yana iya samun shari'a uku a kotuna uku, masu labari su cakuɗa su. Idan abin ya shafe ka, ka je ofishin rajistara ka nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan lauyoyi sun kammala jawabin ƙarshe, a kuma ba ɓangarori kwafi cikin kwana bakwai. Ka fara karatu daga shafukan ƙarshe, inda umarnin kotu yake, sannan ka koma ga dalilai. Ka kuma bambance abin da alƙali ya faɗa da abin da lauya ya faɗa wa 'yan jarida a bakin ƙofa, domin lauya yana kare wanda ya ɗauke shi ne.

Idan shari'ar a cikin gari ake yin ta, babu abin da ya kai ka je da kanka. Zauren kotu a buɗe yake ga kowa, sai fa inda aka keɓe, kamar shari'ar yara. Ka isa kafin ƙarfe tara, ka duba jadawalin shari'o'in ranar da ake liƙawa a allo, ka kashe wayarka, ka miƙe idan alƙali ya shigo, kada ka ɗauki hoto ko murya. A Babbar Kotu da Turanci ake magana, amma wanda ake tuhuma yana da haƙƙin tafinta kyauta, don haka sau da yawa za ka ji komai da Hausa. Kafin ka fita, ka rubuta ranar da aka ɗage zaman da abin da aka ce za a yi a ranar, ko jin shaidu, ko hukunci a kan beli.

Game da abin da za ka rubuta a Facebook ko ka tura a WhatsApp, ka riƙe kalmar "zargi" har ranar hukunci, kada ka kira mutum ɓarawo alhali kotu ba ta kira shi haka ba, domin yana iya maka ka a kotu kan ɓata suna, kuma jifan alƙali da ƙazafi a kan shari'ar da ke gabansa yana iya zama raina kotu. Idan kuwa kai ne hukuncin ya faɗa wa, kada ka tsaya jiran ra'ayin majalisa, domin wa'adin ɗaukaka ƙara yana tafiya tun daga ranar da aka karanta shi: daga Babbar Kotu, wata uku ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 a ƙaramin hukuncin tsakiyar shari'a, kwana 90 a shari'ar laifi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ya tafi da kwafin hukuncin a hannunsa.